Kyanwar Mama Damaris da Awon Allura

An yi wata mata mai sayar da hatsi, ana ce da ita Mama Damaris. Tana da kyanwa mai suna Gimbiya, wadda ta hana ɓeraye sakat a ɗakin ajiyarta. Tana ƙaunar kyanwar nan ƙwarai, har maƙwabta kan tsokane ta, su ce ita ce autar gidan.

Ana nan sai Gimbiya ta soma ramewa. Ga ci, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, amma kullum sai ƙara lalacewa take yi. Likitan dabbobi ya gwada jininta, ya ce ciwon sukari ne. Ya canza mata abinci, ya koya wa Mama Damaris yi mata allurar insulin safe da yamma, ya kuma nuna mata inda maganin zai tsaya a jikin sirinji. Ya ce, “Mama, kada ki ƙara, kada ki rage da kanki. Ki riƙa kawo ta ina gwada jinin. In kuwa kin ga tana tangaɗi, ki shafa mata zuma a dasashi, ki garzayo.”

Kai, jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Ba a jima ba Gimbiya ta murmure, gashinta ya yi sheƙi, ta koma tsalle a kan buhuna. Mama Damaris ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta ba da shaida a taron zumuntar mata na coci har da guɗa, duk wanda ya zo sayen gero kuwa sai ya sha labarin kyanwa kafin a auna masa. Murnar ce ma ta hana ta komawa wurin likita. Ta ce, “In je in yi me? Ga magani yana aiki.” Ta ci gaba da allura a kan awon farko.

Wata safiya, bayan allura, ta tarar da Gimbiya tana tangaɗi, jikinta yana rawa, sai ta zube. Tsoro ya kama Mama Damaris. Ta rarumo zuma ta shafa mata a dasashi, ta naɗe ta a zane, ta tare mai babur tana cewa, “Ɗana, yi sauri, kyanwata za ta mutu!”

Likita ya ceto kyanwar da ƙyar. Mama Damaris tana hawaye ta ce, “Likita, ciwon ne ya tsananta? A ƙara maganin!”

Ya ce, “A'a, Mama, sauƙi ne ya samu. Jikinta ya fara yin aikinsa da kansa, shi ya sa awon da ya cece ta a dā ya yi mata yawa yau. Ragewa za mu yi.”

Nan take kuka ya koma dariya. Mama Damaris ta taka rawa a gaban likita ba kunya, tana cewa, “Ashe warkewa take yi ban sani ba!”

To, ga ma'anar misalin nan. Kyanwar ita ce wanda Allah ya danƙa a hannunka, ko ɗanka, ko ƙanwarka, ko wani ɗan'uwa a ikilisiya da ya taɓa faɗuwa. Allurar ita ce tsawatawa. Magani ce, babu shakka, tana ceton rai. Likitan kuwa Ubangiji ne, shi kaɗai yake ganin abin da ke cikin zuciya, shi ne kuma mai faɗin awo.

Da yawanmu mun ga faɗa ya yi aiki sau ɗaya, sai muka riƙe shi muna ta zubawa, ba mu ƙara komawa ga Ubangiji cikin addu'a mu tambaya ba. Yaro ya tuba tun bara, kai kuwa har yau kana tuna masa da laifinsa. Da ka ga ya yi shiru, ya daina haɗa ido da kai, sai ka ce taurin kai ne, ka ƙara masa.

Ɗan'uwa, in ka koma gida yau, dube shi da kyau kafin ka buɗe baki. Wataƙila ya daɗe da warkewa, maganinka ne yake kashe shi.