Minti Huɗun da Na'ura Ta Tsallake

Wai har sai kun tambaye ni dalilin da ya sa tsofaffi ba sa yar da faifai? Tambayar marar aikin yi ke nan. Amma tunda kun matsa, ke mai rubuta min a wayar nan, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min baki.

Akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Gagara. Mijinta kafinta ne ya laƙaba mata sunan, don ya ce ya lanƙwasa katako iri-iri a duniya, amma ita ta gagare shi. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ko sunanta aka rubuta a bango, wuce shi za ta yi. Amma idan ta ajiye allura a ɗaki, bayan shekara a nan za ta same ta.

Shekara tara da rasuwar kafintan. Mutum ne da ya ƙi jinin hoto, ya bar duniya babu ko ɗaya nasa a bango. Abin da ya rage na fuskarsa da muryarsa faifai ɗaya ne, wanda aka ɗauka ranar da ɗan autansu ya gama makaranta.

Sai na'urar kallon faifan ta mutu. Auta, wanda yanzu babban ma'aikaci ne mai mota da agogo, ya sayo mata kwamfutar hannu, irin mai kama da allo. Ya ce za a juye mata faya-fayanta a ciki, ta huta da tarkace. Ta ce ta ji, amma ƙafarta ƙafarsa.

Shagon da suka je ɗan tsukuku ne, tsakanin mai aski da mai gyaran agogo. Benci ɗaya, fanka mai kuka, wayoyi sun sarƙe kamar saiwar bishiya. Mai shagon matashi ne da ake wa laƙabi da Nan-Take, don duk abin da ka kawo, kafin ka rufe baki ya ce nan take. Yana aiki yana amsa waya, bai ɗago ya dubi tsohuwa ba sai da Auta ya yi gyaran murya.

Ta kwance ƙullinta, faya-fayai shida. Biyar finafinai ne na kasuwa. Na shida ta miƙa da hannu biyu.

Nan-Take ya juya shi da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. Gefensa ya fara ɓarewa, bayansa duk ƙarzuwa. Ya ce wannan ya gama yayi, in ya karantu yau to an ci sa'a. Ya tura shi cikin na'ura, ta yi ta gurnani, da ƙyar ta karɓa.

Da aka gama, ya zare faifan ya wurga a kwandon shara da ke ƙarƙashin teburinsa, inda wasu da yawa suke kwance. Ya miƙo kwamfutar hannun ya ce an gama, na gaba ya matso.

Inna Gagara ba ta karɓa ba. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta sa hannu cikin kwandon, ta tono faifanta daga cikin ɓawon ayaba da guntayen waya, ta goge shi da bakin mayafi. Sannan ta zauna a benci ta ce a kunna mata ta gani.

Auta ya duba agogo. Ya ce ya ajiye mota a inda bai kamata ba, ta bari sai sun je gida. Ta ce motar ba nono take sha ba, ta jira.

Aka kunna. Ga taro, ga kujeru, ga Auta da hular gama karatu yana washe baki. Ta ce a kai ƙarshe. Nan-Take ya ja da yatsa, hoto ya ƙare, allo ya yi baƙi. Ta jira. Babu abin da ya biyo baya.

"Bai cika ba," in ji ta.

Nan-Take ya yi dariya, ya juyo da allon kwamfutarsa yana nuna mata wasu lambobi. Ya ce ga shi nan a rubuce, ɗari bisa ɗari, sai dai in Inna tana da wani karatun da ya fi na na'ura. Mutanen da ke layi suka yi ƙasa da kai suna murmushi.

"Ɗan nan, ni ban iya karatu ba, ban kuma zo aro ba," ta ce. "Amma in ka aiki mutum kasuwa ya sayo abu ɗaya, ya dawo da ɗaya, ai ya cika aike. Sai a tambayi mai aiken, abu nawa ya faɗa?"

Ta yi masa bayani dalla-dalla. A tsohuwar na'urarta, idan taron ya ƙare, allo yakan koma kan hotuna biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin take dannawa, har farcenta ya cinye maɓallin. A cikin ƙaramin mijinta yake. A babban babu ko inuwarsa.

Auta ya sunkuyo yana raɗa mata cewa tana ba shi kunya, mutane na jira, kuma shi bai taɓa ganin Baba a faifan nan ba. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta tuna masa sau nawa ta ce ya zauna su kalla tare, yana cewa wani lokaci. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita da bencin nan sai dai a rufe shago da su a ciki.

Nan-Take ya ga layi na tsawo, tsohuwa kuma ta tuɓe takalmi ta naɗe ƙafa. Ya fizgi faifan, ya ce bari ya nuna mata a gaban kowa don a huta.

Na'ura ta karɓa, ta yi gurnani, ta tofo shi. Ya sake turawa, ta sake tofowa.  In faifan ya ƙi, shi ke nan, kafinta ya sake mutuwa. Inna Gagara ta ce ya ba ta faifan. Ta hura masa iska, ta shafa shi a hankali kamar goshin jariri, ta mayar masa.

A karo na uku ya karantu.

Layi biyu suka fito a allon. Na sama awa ɗaya da 'yan mintuna, da alama a gefensa. Na ƙasa minti huɗu, babu alama. Ashe manhajar da yake aiki da ita, in ba ka hana ta ba, mafi tsawo kawai take ɗauka, ta bar gajerun a matsayin tarkace. Shi kuwa tunda ya buɗe shago bai taɓa duba layin ƙasa ba.

Dariya ta bushe masa a baki. Ya ajiye wayar da ke kunnensa, ya sa alamar. Minti huɗun nan sai da suka ci rabin awa, na'ura na tafiya tana tsayawa. Babu wanda ya ƙara duba agogo.

Sai ga kafinta. Yana tsugune a bayan gida, nesa da taro, yana gyara ƙafar kujerar da wani baƙo mai ƙiba ya karya, ƙusa biyu a bakinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ke Gagara, miƙo min guduma, kin tsaya kina kallona kamar yau aka kawo ni."

Mai ɗaukar bidiyon ya tambaye shi me ya hana shi zama a gaba, alhali ranar ɗansa ce. Kafinta ya cire ƙusoshin daga baki. Ya ce yaron ya gama nasa aikin, bari shi ma ya gama nasa. Ya buga ƙusa ɗaya, sannan ya ƙara da cewa, "Na ɗauka guduma zai gada, sai ga shi ya wuce ni nesa. Kada ka gaya masa, kansa zai kumbura. Kai, ashe abin nan a kunne yake? Kashe!"

Allo ya yi baƙi.

Auta, wanda uban bai taɓa ce masa madalla ba a gaban idonsa, ya nemi bakin benci ya zauna. Uwar ba ta lallashe shi ba. Ta ce ya matsa, ya danne mata mayafi. Sannan ta ce a sake kunnawa, yanzu a cikin kwamfutar hannunta, ta gani da idonta ya shiga.

Can sai wata mata a layi ta tambayi Nan-Take, nata faya-fayan da ya juye makon jiya fa, layi nawa ne a cikinsu? Ya dubi kwandon sharar da ake kwashewa kowace safiya. 

Mako guda ya yi yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Waɗanda suka tafi da faifansu, ya gyara musu. Waɗanda suka bar nasu a kwando, sai dai haƙurin. Daga ranar ya ɗauke kwandon daga ƙarƙashin tebur, kuma ba ya sallamar kowa sai mai kaya ya zauna ya ce ya cika.

Faifan Inna Gagara kuwa bai ƙara karantuwa ba. Wannan karo na ukun shi ne numfashinsa na ƙarshe. Duk da haka yana nan a ƙasan akwatinta, kuma duk wanda ya isa ya je ya ce ta yar.

Darasi: In ka san gaskiyarka, kada kunyar layi ko dariyar mai ilimi ta tashe ka daga benci. Kai kuma mai sana'a, na'ura abin da ka aike ta take kawowa, mai kaya shi ya san kayansa, saurare shi ko da bai iya rubuta sunansa ba. Kada a yar da tsoho sai an ga sabo ya cika. Ku tura wa masu gaggawa a danginku, na san ba ku rasa su ba.

Ku kuma da kuka zagaye ni kuna hamma, labari ya ƙare. A kashe allon nan, kowa ya wanke ƙafa ya nemi shimfiɗarsa, kada in sake faɗa.