Kabarin Waziri Jatau

A zamanin da, an yi wani Sarki a bakin teku, wanda arzikin ƙasarsa duka a jiragen fatake yake shigowa. Wazirinsa Jatau ya tsufa tukuf, ya gaji da fada, fadar ma ta gaji da shi. Buri ɗaya ya rage masa, ya koma ƙauyensu, a binne shi kusa da mahaifinsa a gindin wata tsamiya. Sarki kuwa ya yi masa alkawarin haka.

To, can tsakiyar ruwa akwai Tsibirin Kunkuru, dutse ne tsagwaronsa, sai rijiya guda mai ruwan daɗi. Duk jirgin da zai shigo ƙasar, sai ya ɗebi ruwa a nan. Jatau ya yi shekara da shekaru yana cewa a zaunar da mutane a wurin, fadawa na cewa ruɗin tsufa ne.

Ana nan, sai ga manzon Sarkin Ƙetare. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da zarar iska ta juya, ubangidana zai kafa tuta a Kunkuru, tunda ba shi da mai shi."

Jatau kuwa ya san wanda ya riƙe rijiyar nan ya shaƙe wuyan ƙasar. Ya tambayi manzo, "Ku a wurinku da me ake gane mai tsibiri?"

Manzo ya ce, "Al'adar teku ai ɗaya ce, Waziri, hayaƙi ko kabari. Wuta takan mutu, kabari kuwa ba a tashinsa."

Jatau ya ce, "Madalla, fada ta shaida."

Da manzo ya tafi, Sarki ya nemi wanda zai je ya zauna. Galadima ya tuna da ciwon ƙafarsa, Ma'aji ya ce ko kogi ya gani jiri yake ji. Sauran ma kowa ya kawo nasa uzurin.

Jatau ya nisa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni zan tafi."

Sarki ya ce, "Baba Waziri, tsamiyar fa? Kuma wutarka kwana nawa za ta yi?"

"Ba wuta zan kai musu ba, ranka ya daɗe."

Ya shiga jirgi yana baƙin ciki, bai ko waiwayi gari ba. Kafin iska ta juya ya cika a tsibirin, fataken da suka tsaya shan ruwa suka yi masa sutura.

Jiragen Ƙetare suka iso, manzo ya sauka ya tarar da kabari a gefen rijiya. Ya tsaya ya yi addu'a, ya naɗe tutarsa, suka juya.

Sarki ya hukunta cewa duk bafaden da ya kawo uzuri zai yi zaman jiran kabarin bi da bi, aka fara da Ma'aji. Hayaƙi bai ƙara yankewa a Kunkuru ba, jirage suka ci gaba da shigowa lami lafiya. A gindin tsamiya kuwa, kusa da mahaifin Jatau, wurin mutum ɗaya na nan babu kowa.