Kan Sarkin da Yaya Ba Ta Gani Ba

Akwai wani mai zanen hotuna da kowa a layinsu ke kira Malam Fensir, don tunda aka san shi ba a taɓa ganin kunnensa babu fensir a maƙale ba. Matarsa ma cewa take da shi yake shiga wanka.

Shagonsa a saman wani kantin takalma yake. Tebur ɗaya, taga ɗaya, da gwangwanaye cike da burushi. Shekara ashirin da biyu yana zana hotunan littattafan makaranta: akuya, keke, uwa tana wanke wa ɗanta hannu. Yara da yawa sun girma da zanensa ba su san fuskarsa ba.

Hannu kam Allah ya ba shi. Sai dai yana da wata doka da ya ɗora wa kansa: ba mai ganin aikinsa sai an buga ya fito. Da ya ji taku a matakala sai ya ja wani farin ƙyalle ya rufe teburin. Yakan ce aikin da ido ya riga gani albarkarsa ta tafi. Ni dai a ganina ba maganar albarka ba ce, mutumin ba ya son a ce masa "gyara nan" ne kawai.

Yana da yaya mace, tela ce. Iyayensu sun rasu yana ɗan shekara takwas, ita tana sha bakwai, kuma da keken ɗinki ta raine shi. A shekarun nan ne allurar keke ta huda mata manuniyar dama har ƙashi. Ba ta tsaya jinya ba saboda akwai ɗinkin mutane, yatsan ya warke a karkace. Tun daga nan in baƙi suka zo sai ta tura hannun cikin mayafi. Har ya yi furfura, ita Auta take ce masa.

Wata rana hukumar gidan waya ta kira shi. Za a fitar da sabon kan sarki, wato ɗan tambarin nan da ake manna wa wasiƙa, don girmama masu sana'ar hannu, kuma shi aka zaɓa ya zana. Yadda aikin yake, ana zana hoton da girma kamar kalanda, sannan a rage shi a wurin bugawa har ya koma bai kai kwalin ashana ba.

Bai yi dogon tunani ba. Hannun Yaya zai zana, a kan yadi, daidai bakin allura.

Kwana shida, kowace safiya, Yaya tana hawa benen nan tana dafa bango, ta zauna gaban taga ta ɗora hannuwanta a kan yadi.

"Auta, wannan yatsan dai ka miƙar min da shi. Kada duniya ta yi min dariya."

"Yaya, ki bar ni da aikina. Na taɓa koya miki yanka riga?"

"Ka taɓa mana. Ka manta wandon da ka yanke wa ƙafa ɗaya ka ce gyara ne?"

Suka yi dariya. A rana ta shida ya ajiye burushi ya ce an gama. Ta miƙe tana gyara tabarau, ta nufo teburin. Kafin ta iso ya ja ƙyallen ya rufe zanen.

"Haba Auta. Ni ma?"

"Kowa ma. Ki bari ya fito, ni da kaina zan kawo miki."

Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Idon nan fa ya fara cin amanata. Yanzu maƙwabciya ke zura min zare a allura. Ka bari in gani tun yana da girma."

"Tsufa ne, Yaya. A sake tabarau, shi ke nan."

Ta tura hannun cikin mayafi ta sauka.

Da matarsa ta ji, ta ce, "Maigida, wannan ba doka ba ce, taurin kai ne. Matar da ta goya ka za ka rufe wa ƙyalle?" Ya ce mata ita ba ta san sirrin sana'a ba. Washegari ya naɗe zanen ya kai ofis.

To, aikin hukuma kun san shi. Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Aka ce a jira takarda, aka ce a jira sa hannu. Wata uku ya zama bakwai.

A tsakanin nan matarsa ce ke raka Yaya asibiti. Ta dawo ta gaya masa likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma lallaɓa shi ake yi. Ta ce, "Zanen gwajin da ka fara yi yana nan cikin durowa. Ka ɗauka ka kai mata yau."

"Na gwaji? Wanda ko launi ban sa masa ba? Yaya ta fi ƙarfin wannan. Saura kaɗan na gasken ya fito."

Ya yarda da maganarsa har zuciya, abin takaicin ke nan. Yana son yayarsa. Amma ya fi son ranar da zai miƙa mata abin a kammale, ta ce ƙaninta ya cika gwani.

A wata na goma sha ɗaya aka yi taron fitar da kan sarkin. Aka cika zaure, aka yi jawabai, aka tafa masa har ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa an ajiye wa Yaya kujera a sahun gaba. Har aka tashi jakar matarsa ce a kai.

Bai ko tsaya gaisawa da manya ba. Ya karɓi kan sarki guda, ya zari gilashin ƙara girma daga shago, ya nufi gidanta.

Ya same ta zaune bakin taga da rana tsaka. Keken ɗinkin na gefe an lulluɓe shi, ƙura ta kwanta a kai.

"Auta ne? Na gane takunka. Har yanzu jan ƙafa kake kamar mai takalmin aro."

"Yaya, ya fito! Ga shi."

Ya sa mata a tafin hannu. Ta shafa gefensa mai haƙora-haƙora, ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta yi murmushi.

"Kai, ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka."

Malam Fensir ya dubi abin da ke hannunta. Bayan kan sarkin take kallo, farin gefen da ake shafa wa ruwa. Hoton yana fuskantar shi.

Ya durƙusa a gabanta, gilashin na hannunsa ya rasa abin da zai yi da shi.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Wata biyu ke nan. Na hana a gaya maka, kana da taro a gabanka." Ta lalubo kansa ta dafa. "Kada ka damu. Ni na san abin da ya sa ka rufe ran nan. Hannun ne ba shi da kyan gani, ka ji nauyin in gani in ji kunya. Ban riƙe ka ba."

Wata goma sha ɗaya tana ɗauke da wannan a ranta. Babban mutum da furfurarsa, ya kifa kai a gwiwarta yana kuka kamar ranar da aka binne uwarsu.

Da zai tafi ya roƙi allura ɗaya daga cikin nata. Ya koma shago ya ciro zanen gwajin daga durowa, ya shimfiɗa shi a kan bargo, ya shiga bin kowane layi yana hudawa, huda kusa da huda, yadda layin zai taso hannu ya ji shi. Kwana uku yana yi, har yatsunsa suka kumbura. Mai kantin takalma ya hau ya leƙa, ya tarar da teburin a buɗe, ba a kore shi ba.

Ya kai mata. Ya kama hannunta ya ɗora a kan takardar.

"Nan yadin ne. Nan allura. Bi nan a hankali."

Ta bi babban yatsa, ta gangaro, ta hau na kusa da shi. Sai ta tsaya. Ta koma baya ta sake bi. Layin ya tafi, ya karkace, daidai inda nata ya karkace.

"Ba ka miƙar da shi ba."

"Shi ya ciyar da ni, Yaya. Saboda shi na yi zanen gaba ɗaya."

Ta daɗe yatsanta na kan wurin. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Yadin wane launi ka yi masa?"

"Shuɗi. Irin na rigar makarantar da kika fara ɗinka min."

"Shuɗi," ta ce a hankali, kamar mai ƙoƙarin tuno sunan wani. Sannan ta ce, "Da ka ɗaga ƙyallen nan ran nan, Auta, da na shigo duhun nan da shi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo.

Kan sarkin ya shiga duniya. Dubban mutane sun manna shi a wasiƙunsu, wasu ma sun adana shi saboda kyansa. Mai hannun ce kaɗai ba ta taɓa ganinsa ba. Malam Fensir ya ba matarsa farin ƙyallen ta mayar da shi tsumman goge tebur, kuma duk yamma yana zuwa ya zauna da Yaya, ita da takardarta mai huda a kan cinya.

Darasi: Abin da za ka faranta wa naka rai da shi, yi masa yau ko da bai kammala ba. Ido, ƙarfi da rai ba sa jiran sai ka shirya, kuma duk dokar da ta hana ka tausayin wanda ya raine ka girman kai ce. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai mai ƙyallen da ya kamata ya ɗaga tun yau.