Marka da Ƙoramar da Ta Yi Fushi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha.

A can da, ruwa ba a ƙasa yake ɓoye ba. Wani gari na da ƙorama mai magana. Kowa ya zo ɗiba sai ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya mayar mata da ƙwaryar farko. Ita kuwa sai ta ce, "Maraba, sha ka ƙoshi."

Akwai wata mata, Marka, tun tana yarinya suke ƙawance da ƙoramar.

Ana nan, ana nan, mutane suka ƙoshi. Ɗan Adam kuwa in ya ƙoshi, sai mantuwa. Suka ce, "Ruwa ne fa! Wa ke gaida ruwa?" Aka daina sallama. Ƙorama ta ja baya, ta koma iya gwiwa.

Marka ta durƙusa ta rera:

"Ƙorama, ƙorama, yi haƙuri,
'Ya'yanki ne, ba su san gari ba."

Ƙorama ta haƙura.

Sai majema suka kawo fatu suna wankewa a ciki, mata na juye toka. Ƙorama ta koma iya idon sawu. Marka, kanta duk furfura, ta sake rera waƙarta. Ƙorama ta haƙura.

Sai wani mai ƙarfi, Jatau, ya kewaye ta da ƙaya, ya ce tasa ce. Kaico! Gari ya waye, sai yashi. Awaki na faɗuwa, jarirai sun yi kuka har murya ta dushe.

Marka ta tona yashi da hannu, ta iske ƙorama tana nutsewa.

"Ƙawata, ina za ki?"

"Inda ba mai zagina."

"Jikokina fa? Ƙishirwa za ta kashe su."

"Marka, kewa ce ta kore ni. In akwai mai gaishe ni kullum, zan tsaya inda igiya za ta kai."

Marka ta waiwaya ta dubi jikokinta, hawaye na zuba. Ta tuɓe takalmanta, ta ce, "Salamu alaikum." Ta bi ruwa, yashi ya rufe.

Mutane suka haƙa, suka haƙa, suka haƙa, sai ga ruwa can ƙasa. Suka sha, suka rayu. Marka kuwa, takalmanta kaɗai aka kai gida.

Shi ya sa har gobe ruwa sai da guga, sai da gumi. In ka leƙa rijiya ka yi sallama, za ka ji murya ta amsa daga ciki. Tsohuwar ce, tana murna wani ya tuna.

Abin da ya rayar da kai, kada ka raina shi.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa randa, ba don gizo ba da na ce ƙarya na shara muku.