Wasiƙar da Aka Toshe Gilashi da Ita

Ƙawata, matso kusa. Ku ma masu bibiyar wannan shafi ku ba ni aron hankalinku, labarin yau ba na dariya ba ne.

Akwai wani direban tirela da abokan aikinsa ke kira Guguwa. Shekara goma sha bakwai yana jan babbar mota, bai taɓa kayar da ita ba, ko kaza bai taɓa takewa ba. In ya shiga kwana da kaya maƙil, masu kallo ne ke riƙe numfashi, shi kuwa da hannu ɗaya yake murza sitiyari. Da lasisinsa na manyan motoci ake ci ake sha a gidansa: mata, yara huɗu, da mahaifiyarsa da ciwon ƙafa ya zaunar.

Aibinsa guda ne. Ya raina takardar tara.

In jami'in hanya ya tsayar da shi, ba ya musu, ba ya roƙo. Zai miƙa lasisi yana murmushi, ya karɓi takarda, kafin rana ta faɗi ya biya. "Abin da aka biya ai ya mutu," in ji shi.

Gilashin ƙofar motarsa yana da wata karkarwa mai cin rai. Sai ya mayar da takardun nan maganinta. Ya ninke kowace gida huɗu, ya cusa tsakanin gilashi da roba. Ta gudu tana nan, ta wuce mota a kan gada tana nan, ta lodin da ya zarce sikeli ma tana nan.

A kamfanin akwai wani dattijon direba da suka laƙaba wa Baba Sannu, saboda ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Wata rana suna zaune a inuwar gareji ana jiran lodi, ya ga Guguwa yana ninke sabuwa.

"Ɗana, biyan tara ba ya goge ta. Sa hannu ka yi cewa ka aikata. Can ofishin lasisi suna rubutawa a gaban sunanka, ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon ruwa ne, ba ya ƙara sai ya cika bokiti. Ka dai sanar da manaja kamar yadda aka ce mu riƙa yi?"

"Baba, kai da mai keke ke wuce ka a gangara, ina ka san zancen tara?"

Aka bushe da dariya. Baba Sannu ya kurɓi ruwansa.

"Yana wuce ni kam. Amma kullum a gida nake kwana."

Ana nan, ranar hutunsa, Guguwa ya ari ƙaramar motar ƙanensa ya kai tsohuwa asibiti. A hanyar dawowa waya na kunnensa, ya keta danja. Aka rubuta masa laifi biyu a takarda ɗaya. Ko a jikinsa.

"Wannan ai motar gida ce," ya ce wa ƙanen. "Ba ruwanta da aikina."

Ya manta cewa motoci ne biyu, amma lasisin ɗaya ne, sunan da ke kansa ma ɗaya.

Bayan mako biyu aka kawo wata wasiƙa gidan, a cikin ambulan mai kauri da hatimi a baki. Matarsa ce ta karɓa. Ita ba ta yi makaranta ba. Da littattafan yaranta da rubutun jikin kwalaye ta koya wa kanta karatu, tana bin baƙaƙe da ɗan yatsa. A bayan ambulan ɗin ta haɗa kalma guda: gaggawa. Ba ta buɗe ba, tunda ba sunanta ke kai ba.

Da safe yana ɗaure takalmi ta miƙa masa.

"Baban yara, wannan ba irin waɗancan ba ce. Ka duba, ko ka bari in karanta maka kafin ka fita."

"A'a, Malama ke nan. Daga karatun kwalin sabulu har an kai ga takardun hukuma?" Ya lakace mata hanci yana dariya. "Rasit ne na wadda na biya. Ki ji da tukunyarki."

"Jikina dai bai ba ni ba."

"Jikin naki ai ko hadari ya gani sai ya ce tufana ce."

Ya fi ta iya karatu nesa ba kusa ba. Minti ɗaya ya ishe shi. Amma ya tura ta aljihu ya fita. Da ya hau titi gilashi ya fara karkarwa, sai ya zaro ta, ya ninke, ya danna a kan 'yan uwanta. Gilashin ya yi tsit. Har yaba wa kaurin takardar ya yi.

Mako biyar suka wuce.

Wata safiya an gama masa lodi, ya tayar da mota ke nan, mai gadi ya ƙi ɗaga ƙarfen ƙofa. Ya ce manaja na nemansa.

Manajan bai ce masa ya zauna ba.

"Masu inshora sun duba lasisin direbobinmu jiya. Naka a dakace yake."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Ba tarar da ban biya ba."

"Na ga ka biya. Duk ga su nan a jere. Ko ɗaya ba ka gaya mini ba." Ya juyo masa da fuskar kwamfuta. "Kwana goma sha ɗaya kana yawo da motarmu ba ka da izinin tuƙi. Da ka buge wani a kwanakin nan, ba mai biyan ko sisi, da ni da kai za a kwasa. Ba su aiko maka da wasiƙa ba?"

Guguwa ya tuna da ambulan mai kaurin nan da ya toshe gilashi da shi.

"Ajiye makulli."

"Shekara goma sha bakwai, ranka ya daɗe. Ko madubi ban taɓa fasa muku ba."

"Na sani. Shi ya sa ban kira hukuma ba. Ajiye makullin."

Baba Sannu aka ba motar. Dattijon ya taya Guguwa sauke bargo da buta da 'yar darduma. Da ya sauke gilashi, takardun suka zubo a kan kujera. Ya tattara su, ya ɗora mai kaurin a sama, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya kawo mafita, ɗana."

Da dariya ya yi masa, da ya fi sauƙi.

Guguwa ya shiga gida da rana tsaka, lokacin da bai saba ba. Daga ɗaki tsohuwa ta ɗaga murya.

"Wa nake ji kamar babban mutum? Yau ba tafiya?"

"Mota ce ta samu matsala, Inna."

Ya zauna a bakin gado ya miƙa wa matarsa ambulan ɗin. Ruwan sama ya jiƙa gefensa, ƙura ta mayar da shi ja.

"Karanta."

Ta tsaga a hankali. Ta ɗora yatsa, tana tsayawa a kan dogayen kalmomi. Wasiƙar ta ce laifuffukansa sun kai iyaka. An ba shi kwana ashirin da ɗaya ya je ya yi bayani, kuma in ya amince ya zauna ajin gyaran tuƙi na 'yan kwanaki, za a bar masa lasisinsa da gargaɗi. In bai je ba, za a dakatar da shi shekara guda.

"Sake karanta wajen ajin nan."

Ta sake. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ta tashi ta ɗebo masa ruwa. Bai sha ba.

Ya je ofishin washegari. Matar da ke bayan tebur ta duba kwanan wata, ta ce ƙofar ta riga ta rufe. Da shekara ta cika aka mayar masa da lasisi, ya zaga kamfani uku. Kowanne sai ya yaba hannunsa, ya buɗe tarihinsa, sannan ya ce za a neme shi. Har yau ana nemansa.

Yanzu a wani sito yake aiki, yana ɗora kwalaye a bayan motocin da wasu ke ja. An cire babbar 'yarsu daga makarantar da take so. In tirela ta wuce ta canza giya, za ki ga ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasa, shi bai ma sani ba.

Takarda kuwa, ko ta maganin tsohuwa ce ta shigo gidan, matarsa yake miƙa wa. Ya zauna yana saurare har yatsanta ya kai layin ƙarshe.

Darasi: Ƙwarewa ba ta goge laifin da aka rubuta, biyan tara kuma ba ya mayar da hannun agogo baya. Ƙaramin abin da ka raina shi ke taruwa ya raba ka da abincinka. Kada ka wulaƙanta mai yi maka gargaɗi don ka fi shi sauri ko ka fi shi karatu, sau da yawa ta bakinsa Allah ke aiko maka da rahama. Ku tura wa duk mai direba a gida, ko Allah zai sa wani ya buɗe tasa wasiƙar da wuri.

Ke kuma ƙawata, in kin gane gidan, ki rufa mini asiri. Labarin ki yaɗa, mai labarin kada ki gaya wa kowa. Har yanzu tsohuwa ta ɗauka gyaran mota ake yi.