Takardar Ɗan Abuja a Bangon Alhaji

A aikin falon Alhaji Namadi mai taya na rasa firam ɗin hoton marigayi maigidana, na kuma samu kuɗin da ban taɓa riƙewa ba a shekara ashirin ina jeren ɗakin amare.

Wani mai ƙawata gida daga Abuja ya rubuta masa takardar kuɗin aiki miliyan tara, sai Alhaji ya aiko a kira ni.

Ya ce, "Tabawa, ki gyara falon nan yadda duk wanda ya shigo sai ya riƙe baki. Mutum ɗaya ya ƙi riƙewa, ba ki da ko sisi. Kuma kada ki sayo komai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni takardar ɗan Abujan."

Karatuna bai yi nisa ba, amma na san sifili in ya yi yawa. Na share falo, na juya kujeru, na sa takardar a firam ɗin hoton maigidana, na kafa ta saitin ƙofa.

Abokansa suka shigo. Kowa ya karanta sai ya riƙe baki: "Miliyan tara, Alhaji? Lallai ya yi kyau!"

Da suka fita ya miƙo mini dubu ashirin. "Ai shara kawai kika yi."

"Gaskiyarka. Bari in bi su in faɗa musu shara ce ta dubu ashirin, tun ba su shiga mota ba."

Ya tare ƙofa. "Ɗari!"

"Matsa, Alhaji."

Dubu ɗari uku da buhun shinkafa na sallama, shi ma don muna unguwa ɗaya.