Karen Tasalla da Jakin Falke

Ku matso kusa, yau bayana na ciwo, ba zan ɗaga murya ba. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata tsohuwa a wani ƙauye, ana ce da ita Tasalla. Daddawa take yi tana kaiwa kasuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna can gidajen aurensu a nesa. Ita kaɗai ta rage a gidan, sai gwiwoyinta da ke damunta dare da rana.

Maƙwabcinta wani maharbi ne mai suna Mantau, yana da jan kare ana kiransa Durwa. Da ajali ya cim ma Mantau, sai ɗan ƙanensa Nomau ya zo kwasar gado. Ya ɗauki kwari da baka, ya naɗe tabarma, ko tulun ruwa bai bari ba. Mutane suka ce masa, "Ga kare fa."

Ya ce, "Kare ai baki gare shi. Ku bar shi nan, zan dawo."

Bai dawo ba. Kwana uku Durwa na kwance a ƙofar kangon Mantau. Rana ta huɗu ya ja jiki ya zo ƙofar Tasalla.

Ya ce, "Inna, sannu da gida."

Ta ce, "Yawwa. Me ya kawo ka?"

"Yunwa."

"Ni ma da ita nake fama. Ba ni da ƙarfin riƙon kare."

"Ban ce ki riƙe ni ba, Inna. Ƙanzo kawai."

Ta daɗe tana kallonsa, haƙarƙarinsa duk a waje. Ta shiga ta kankaro ƙanzon tukunya, ta jiƙa, ta zuba masa a wani fasasshen kasko. Ta ce, "Amma ka ji. Ba ka shigar mini ɗaki, ba ka taɓa mini buta, ba ka lasar mini ƙwarya." Ya ce ya ji. Daga ranar nan a ƙofarta yake kwana.

Da jikinsa ya dawo, sai ya shiga daji ya kamo zomo, ya ajiye a gabanta. Tana cikin neman wuƙa sai ga Nomau.

"Inna, wa ya kama zomon nan?"

"Durwa."

"Durwa karen wa ne?"

"Karen marigayi."

"Wa ya gaji marigayi?"

Ya sunkuya ya ɗauki zomo, ya ce, "Karen baffana gadona ne. Abin da karena ya kama nawa ne." Ya tafi.

Bayan kwanaki Durwa ya kamo zabuwar daji. Tasalla ta ɗora ruwan figa, sai ga Nomau kamar an aika masa. "Karen baffana gadona ne. Abin da karena ya kama nawa ne." Ya ɗauke, ya bar ta da ruwan zafi a kan murhu.

Na uku gada ce, mai ƙiba. Durwa ya jawo ta tun daga bakin fadama yana haki. Wannan karon Nomau har da igiyar ɗauri ya zo. "Karen baffana gadona ne."

Tasalla ta ɗauki sandarta ta tafi wurin mai unguwa. Ta tarar da shi a gindin dalbejiya yana gyangyaɗi. Aka kira Nomau, ya maimaita maganarsa a gaban kowa. Mai unguwa ya yi hamma ya ce, "Gado gado ne, Tasalla. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, abincin da karen yake ci fa?"

"Sadaka kike yi. Allah zai ba ki lada."

Ta koma gida a hankali. Durwa ya ce, "Inna, in daina kamowa?"

Ta ce, "Ka kamo, kada ka kamo, duk ɗaya ne. Ni dai na gaji."

Haka aka ci damina biyu. Ita ke ciyarwa, Nomau ke kwashewa.

Ran nan, ranar kasuwa, Nomau ya ga jira a ƙofar tsohuwa ba ya isarsa. Ya yi wa Durwa fito, ya ce su tafi farauta. Suna bin gefen babbar hanya sai zomo ya tashi. Nomau ya ce, "Durwa, kama!"

Durwa ya ce, "Akwai mutane a hanya."

"Na ce kama!"

Durwa ya bi. A daidai lokacin wani falke mai suna Tunau yana tahowa da jakinsa, an ɗora masa mangul, wato curin gishiri, biyu dama biyu hagu. Zomo ya bi ta ƙarƙashin jaki, kare ya bi zomo. Jaki ya firgita, ya yi tsalle, ya rufta cikin kwazazzabo. Gishiri ya farfashe, ƙafar jaki ta gaba ta yi mummunan targaɗe.

Falke ya ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Karen wa ne wannan?"

Nomau ya fito daga bayan sabara yana karkaɗe riga. "Ni ma wucewa nake, malam. Amma na san shi. Karen wata tsohuwa ne mai daddawa. A ƙofarta yake kwana, a kaskonta yake ci."

Da la'asar sai ga falke a ƙofar Tasalla, shi da mutane suna tallafe da jaki. Ya ce, "Baiwar Allah, jakin nan shi ne gonata, shi ne rumbuna. Karenki ya nakasa shi." Aka je wurin mai unguwa, ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai alƙali. Alƙali kuwa yana babban gari, tafiyar rabin wuni ga mai ƙafa lafiyayya.

Suka tafi, ita da falke da Durwa. Suka isa rana ta take, aka ce alƙali ya tafi ta'aziyya, su dawo bayan mako. Suka juyo.

Bayan mako suka koma. Alƙali na nan, amma Nomau da aka kira shaida ya aiko cewa cikinsa na ciwo. Aka ce su dawo bayan mako. Suka juyo. A hanya Tasalla ta zauna a kan wani kututture ta kasa tashi, sai da falke ya kama ta. Da ta isa gida ta tarar kalwar da ta rufe ta wuce lokacinta, ta lalace, sai zubarwa.

Karo na uku alƙali ya aika aka taso Nomau a gaba, aka taho da mai unguwa shi ma. Alƙalin tsoho ne, tun safe yake raba rigimar iyakar gona, muryarsa ta dushe. Falke ya faɗi abin da ya same shi. Alƙali ya dubi Nomau.

"An ce kana wurin. Karen naka ne?"

"Allah ya gafarta malam, ni ba ni da kare."

"Ka tabbata?"

"Ban taɓa yin kare ba."

"Zan sake tambayarka, don masu zama su ji. Karen nan naka ne?"

"Ba nawa ba ne, ba na ubana ba ne, ba na kowa nawa ba ne."

Alƙali ya ce, "To. Dabbar da ke da mai ita, in ta yi ɓarna, mai ita ke ɗauka. Wadda ba ta da kowa kuma ta yi ɓarna, bayan gari ake fita da ita a kashe, kada ta sake. Ke Tasalla, naki ne?"

Tasalla ta sunkuyar da kai. Ta tuna abin da ta mallaka duniya: tukunyar dafa kalwa, turmi, da ɗaki ɗaya mai yoyo. Da wanne za ta biya jaki? Durwa ya matso kusa da ƙafarta, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, ce ba naki ba ne. Kin yi mini iyakar abin da za ki iya."

Ta ce, "Yi mini shiru."

Ta dafa sanda ta miƙe. "Allah ya gafarta malam, ban saye shi ba, ban gaje shi ba, ba wanda ya ba ni shi. Amma damina biyu a ƙofata yake kwana. In sai an ce na wani ne kafin a bar shi da ransa, to nawa ne."

Nomau ya washe baki. "An dai ji ko? Da bakinta ta faɗa. In tafi?"

Alƙali ya ce, "Zauna." Ya juya ga kare. "Kai fa, Durwa, me za ka ce?"

Durwa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni ban san shari'a ba. Na san wadda ke zuba mini abinci, ga ta nan. Na san wanda ke kwashe abin da na kamo, ga shi can. Kuma shi ya ce mini kama, har sau biyu, bayan na gaya masa akwai mutane a hanya."

Nomau ya ce, "Yanzu maganar kare za a ɗauka a bar tawa?"

Alƙali ya ce, "A'a, ta mutum za mu ɗauka. Mai unguwa, an taɓa kawo maka maganar karen nan?"

Mai unguwa ya sosa ƙeya. "An taɓa. Kan wata gada."

"Wa ya ce nasa ne?"

"Nomau. Ya ce karen baffansa gadonsa ne. Ni kuma na bar masa."

Alƙali ya ajiye maficinsa. "Nomau, ranar gada naka ne. Ranar jaki fa?"

Alƙali ya ci gaba.

"To zaɓi ɗaya. In karenka ne, jaki da gishiri suna wuyanka. In ba naka ba ne, damina biyu kana ƙwace wa tsohuwa naman karenta, sunanka ɓarawo, kuma ka san inda muke kai ɓarayi."

Nomau ya dubi ƙofa, ya ga an tsare ta. Ya ce, "Nawa ne. A da."

Alƙali ya ce, "Ranar da ka ce kama, naka ne. Don haka kai za ka zama jakin Tunau. Duk kasuwar da zai ci, kai za ka ɗauki gishirinsa a ka, har ranar da jakinsa zai taka lafiya. Kare kuwa ka yar da shi sau uku a gabana, ya fita hannunka har abada. Na Tasalla ne."

Tasalla ta ce, "Allah ya saka da alheri," ta juya za ta fita.

"Dakata, Inna. Tun da naki ne, kuma a sake kika bar shi kowa na iya yi masa fito, jinyar jaki tana kanki. Ciyawarsa, ruwansa, da gashin ƙafarsa."

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, na zo da baki ɗaya, in koma da biyu?"

"Ke kika ce naki ne."

Ta so ta yi magana, amma ba ta da sauran ƙarfin gardama. Ta ce, "To."

Daga nan kullum da sassafe Tasalla na bakin fadama da lauje, tana yankan ciyawa a durƙushe. Ta jawo ruwa a rijiya, ta dafa, ta gasa wa jaki ƙafa. Nomau kuwa ya naɗa gammo. Kasuwar Litinin, kasuwar Laraba, kasuwar Asabar, mangul huɗu a kai, falke na bayansa da 'yar sanda don sabo. Gashin tsakar kansa ya zube. In ya wuce, mata masu tallar nono sai su ce, "Malam Tunau, sabon jakin naka bai cika sauri ba."

Wata guda ya wuce, wata biyu suka wuce. Duk ranar da falke ya zo dubawa, sai jaki ya ɗaga ƙafa yana nishi. Falke ya girgiza kai ya tafi.

Wata safiya Tasalla ta dawo da ƙunshin ciyawa a ka, sai ta hango jaki ta saman dangar gida yana birgima a ƙasa, ya tashi ya zaga turke da gudu, ƙafa huɗu garau. Ta sauke ciyawa ta tsaya. Jaki ya gan ta, ya yi maza ya ɗaga ƙafa.

Ta ce, "Waccan ce mai ciwon, ba wannan ba."

Jaki ya sauke ta, ya ji kunya. Ya ce, "Inna, tun ina ɗan shekara biyu nake ɗaukar gishiri. Ban taɓa hutawa ba sai a gidanki. Kuma ai mutumin nan ya cancanci ya ɗanɗana."

Ta ce, "Ya ɗanɗana. Amma dubi gwiwoyina. Ba shi kaɗai kake wahalarwa ba."

Jaki ya dubi gwiwoyinta, sun kumbura kamar ƙoƙuna. Da falke ya zo washegari, jaki ya taka zuwa gare shi ba ɗingishi. Falke ya yi ta godiya, ya bar wa Tasalla gutsuren gishiri na miya, ya kora jakinsa. Aka sallami Nomau. Tun daga ranar, ko kukan kare ya ji sai ya sake hanya.

Da suka tafi, Tasalla ta rataye lauje, ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki tun rana ba ta yi tsaka ba, ta kwanta. Wata maƙwabciya ta zo sayen daddawa. Durwa ya tare ta a ƙofa, ya ce a hankali, "Ki dawo da yamma. Barci take yi."

To kun ji. Duk wanda ya ce dabba tasa ce ranar da ta kawo alheri, ya sani tasa ce ranar da ta yi ɓarna. In kun ɗauki ɗan kwikwiyo ko 'yar kyanwa kuna murna, ku tuna da abincinta, da ta'adinta, da ƙofar maƙwabta.

Ƙurunƙus, kan jakin falke. Ku tashi haka nan, ni ma tabarmata nake so.